Gidan da Na Goge da Hannuna

Gidanmu na Argungu sau biyu yana rushewa. Na farko ruwa ne ya ci shi. Na biyu ni ne, da yatsa ɗaya, wata ranar Asabar da hantsi, ina zaune a ɗakina a Birnin Kebbi da kofin shayi a gabana. Na biyun ba na laka ba ne, a cikin kwamfuta yake, amma shi ne wanda har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Dole in fara da Inna, don in babu ita babu labarin. Ni ne ɗanta na fari, kuma a gidanmu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In da ƙanena take magana sai ta ce "yayanka", in da baƙi ne sai ta ce "mutumin Birni". Ko ina tsugune a gabanta, saƙo sai ya bi ta bakin wani kafin ya iso kunnena. Ina da shekara bakwai kawuna ya zo ya tafi da ni Birnin Kebbi don makaranta, daga nan gida ya zama wurin da nake zuwa hutu kawai.

Ranar komawa ce ta fi ci mini rai. Baba zai riƙe hannuna har tasha, matan maƙwabta su leƙo su ce a sauka lafiya, wata ta cusa mini ƙuli-ƙuli a aljihu. Inna kuwa, in na tsuguna a bakin madafi na ce zan tafi, sai ta ce "to" ba tare da ta juyo ba, ta ci gaba da tuƙin tuwonta. Ko zaure ba ta taɓa rako ni ba. Kowa ya ce mini kunya ce. Na sani, ba sai an gaya mini ba, amma sanin bai taɓa hana abin yi mini ciwo ba, kuma na riƙe ta da shi shekara da shekaru. Haka na girma na zama irin ɗan nan mai aike. Buhun sukari, atamfa, maganin hawan jini, duk suna isa Argungu a kan kari, ni ne dai ba na isa.

Tsohon gidan yana gangaren fadama, ginin ƙasa ne tun na kakanni. Shekarar da gulbi ya yi ambaliya ya shigo unguwar, Baba ya riga ya rasu. An fitar da Inna da 'yan kwanoninta, katangu suka jiƙa suka zube ɗaya bayan ɗaya. Ni da ƙanena muka gina mata na bulo a kan tudu. Wurin tsohon gidan yanzu shinkafa ake nomawa, kuma ko hoto ɗaya nasa ba mu da shi, don ba wanda ya taɓa tunanin gida abin ɗauka hoto ne.

Ƙanena shi ya zauna da ita, shi da matarsa. Manomi ne na gaske, shinkafa da damina, albasa da rani, mutum ne da in ya zauna minti goma sai ƙafarsa ta fara rawa. Wata rana ya taso daga Augie da buhunan albasa a bayan babur, taya ta fashe, ya faɗi, cinya ta karye. Maɗori ya ɗaure ya ce sai ya kwanta wata uku ko fiye, ba motsi. Na je na duba shi sau ɗaya, na dawo. Bayan mako biyu ya fara kirana a waya sau biyar a rana, ba don yana da abin faɗi ba.

"Yaya, na ƙirga kwanon rufin ɗakin ga kaf. Gobe ƙusoshi za ni ƙirgawa," in ji shi.

Ni kuwa aikin kwamfuta nake yi a wata ma'aikata, kuma ina da wata babbar kwamfuta a gida da na haɗa da hannuna guntu-guntu, mai katin hoto mai ƙarfi, irin wadda ke ɗaukar manyan wasanni. Ba wasan nake yi ba, haɗawar ce ke burge ni. Sai dabara ta zo mini. Ba sai na ɗauki kwamfutar na kai Argungu ba, inda zafi da rashin wuta za su kashe ta. Zan mayar da ita sabar, wato wasan ya riƙa gudana a nan ɗakina, hotonsa kawai ya riƙa tafiya ta intanet zuwa wata tsohuwar laftof ɗina da zan aika masa. Shi ya danna a can, kwamfutata ta amsa a nan. Da na gaya masa sai ya ce, "Kai dai Yaya, komi sai ka aiko. Yanzu har wasa aikowa za ka yi?" Na yi dariya, ban tsaya na ji abin da ke ƙarƙashin maganar ba.

Da kwantena na tsara komai, kuma a wancan lokacin ina ji da kaina a kan wannan. Kwantena a aikinmu ba ta ƙarfe ba ce irin wadda ake mayarwa shago a bakin kasuwa, amma dabarar kusan ɗaya ce: kowace manhaja a rufe ta a nata ɗaki da kayanta, kada ta taɓa na maƙwabciyarta. Na yi ɗaya ta wasan, ɗaya ta tura hoto, ɗaya ta tsaron ƙofa don kada wani baƙo ya shigo ta intanet. Daɗin abin shi ne in kwantena ta ɓaci ba ka tsayawa gyara. Ka ɗauke ta ka jefar, ka ta da sabuwa daga fayil ɗin tsari da ka rubuta, cikin minti kaɗan komai ya dawo fes. Sharaɗin guda ne, kuma duk ɗan koyo ya san shi: abin da kake so ya tsira sai ka buɗe masa ƙofa zuwa ma'ajiyar kwamfutar, a wajen kwantenar. Abin da ka bari a ciki, ranar da ka jefar da ita tare suke tafiya. Ni da bakina na sha koya wa sababbin ma'aikata wannan, har da ɗaga yatsa.

Wasan ƙwallo na fara sa masa, don shi ne muka sani tun muna samari. Na buɗe masa ƙofar ajiya yadda ya kamata, na gwada sau uku. Na ƙara batir a solar gidana don kada sabar ta mutu in an ɗauke wuta, har kan rufi nake hawa in wanke faifan. Matata ta ce da ita ce ke samun rabin kulawar da kwamfutar ke samu, da ta yi ƙiba.

Amma ƙwallo ta ƙi. Sabis ɗin unguwarsu yana da nauyi, kafin abin da ya danna ya iso Birnin Kebbi, hoto ya koma Argungu, an riga an ƙwace ƙwallon an ci shi. Kwana uku ya jure, ran na huɗu ya kira.

"Yaya, 'yan wasan ga naka sai sun yi shawara da uwayensu kahin su buga. Ni da karyayyar ƙahwa na hi su sauri."

Haushi ya kama ni, don ba na son a ce abin da na haɗa bai yi ba. A lokacin hutun azahar, a gurguje, na jefa masa wani wasan gini a sabuwar kwantena, irin wanda ake ba ka fili fetal da bulo iri-iri ka gina abin da ka ga dama. Na yi nufin gwaji ne kawai, in ga ko wasa mai sanyi zai jure jinkirin sabis kafin in gyara na ƙwallon. Tunda gwaji ne, ban buɗe masa ƙofar ajiya ba. Na ce zan yi da yamma. Da yamma wani abu ya taso, washegari na manta.

Kiran waya ya ragu daga biyar zuwa ɗaya. Bulo ba ya gudu, ko ya yi jinkirin daƙiƙa guda zai sauka inda aka ajiye shi, don haka wasan ya zauna daram. Bayan mako guda ƙanena ya ce, "Ka san mi nika ginawa? Gidanmu na dauri." Daga zauren Baba ya fara, yana bin abin da ya tuna. Inna ta shigo kawo masa fura, ta tsaya a kansa tana kallo, ta ce wannan mene ne. Ya ce zauren Baba ne. Ta ce, "Zauren babanku gabas yad duba? Yamma yad duba. Rushe." Ya rushe. Washegari da la'asar ta dawo da tabarmarta, ta shimfiɗa a gefen katifarsa, tun daga ranar kuma ba ta fasa ba.

Duk wannan a waya nake jin sa. Yau sun haƙa rijiya, gobe ta ce rijiyar ta matso kusa da rumbu da yawa, akwai taki bakwai a tsakaninsu. Ta sa ya rataye gorunan kamun kifi na Baba a zaure, da bulo mai ruwan ƙasa tunda wasan ba shi da gora. Ta tuna inda akuya take kwana, inda ake jingine turmi, ɗakin da kakarmu ta rasu a ciki. Matar da ba ta taɓa riƙe wayar shafawa ba ta koma tana cewa a juya mata hoton ta ga bayan ɗaki. Ƙanena ya ce bai taɓa jin ta yi magana mai yawa haka ba tun rasuwar Baba, wata rana har dariya ta yi sai da ta share ido.

"Ka shiga ka gani mana, Yaya," yakan ce. "Kwamhutar ba ga ta nan gabanka ba?"

Gaskiya ce. Dannawa biyu ne tsakanina da gidan, amma wata biyu cur ban shiga ba. Kullum ina duba sabar, ina ganin zafin katin hoto, da yawan datar da ta tafi, da awannin da suka yi a ciki. Na san sukan fara bayan la'asar su tashi kafin magariba. Na san komai game da ɗakin da gidan yake ciki, gidan ne kawai ban leƙa ba. Nakan ce aiki ya yi yawa. Ƙarya nake. Ba na son shiga gidan da aka fitar da ni daga cikinsa ina ɗan shekara bakwai, kuma ina jin kishi cewa da shi take wannan hirar, ni da na haɗa abin ko sannu ba a aiko mini ba. Da girmana, da furfura a gemu, ina fushi irin na yara.

An sha ɗauke wuta a tsakanin nan, sabar ta mutu ta tashi, gidan yana nan, don kashewa da kunnawa ba ya taɓa abin da ke cikin kwantena. Wannan ya sa ko sau ɗaya hankalina bai koma kan ƙofar da ban buɗe ba.

Da suka kusa gamawa na ce ya turo mini hoto. Wayar a buɗe take, sai na ji muryar Inna daga gefe, tana yi wa ƙanena magana kamar yadda ta saba: "Ka ce ma yayanka ba a aika gida cikin waya. In shina son gani, shi zaka shi gani da idonai." A iya sanina wannan ne karo na farko da ta taɓa neman in zo. Na ce ranar Lahadi ina nan tafe.

Daga nan son burgewa ya shiga. Na ce ba za a nuna mini gidan a ƙaramin gilashin laftof ba, Inna tana ƙanƙance ido. Zan ɗauki talabijin ɗin falona in kai, a haɗa, kowa ya gani ɓaro-ɓaro. Amma a babban gilashi hoton zai yi dishi-dishi, sai an sabunta manhajar tura hoto. Tunda kuma zan taɓa ɗaya, me zai hana in sabunta duka, komai ya tashi sabo? Ni mutum ne mai son tsafta a aiki, ba na ƙaunar ganin tsofaffin abubuwa suna cin wuri. Ranar Asabar da hantsi na zauna, na fara kwafe fayil ɗin tsarin na adana a wuri uku, don ni ai mai taka-tsantsan ne. Sannan na rubuta umarnin da ke sauke kwantenoni duka ya share su. Kwamfutar ta tambaye ni ko na tabbata. Na danna e, na kurɓi shayi. Na sauko da sababbin manhajoji masu nauyi a kan wurin da tsofaffin suka bari, na ta da komai, na ga fitilu sun yi kore. Har na yi wa kaina kirari a zuci.

Bayan la'asar waya ta yi ƙara.

"Yaya, ina gidan?"

"Wane gida?"

"Mun buɗe, hili na kawai. Ciyawa da sama. Ko ka maishe shi wani wuri?"

Kafin ya rufe baki na gane. Na ce ya ba ni minti goma, na buɗe fayil ɗin tsarin da na adana a wuri uku, na bi shi layi-layi. Ga ƙofar ajiyar wasan ƙwallo nan, wasan da ba wanda ya sake taɓawa, komai nasa lafiya lau. A ƙarƙashin wasan gini babu komai. Na kashe kwamfutar, na cire ma'ajiyar, na sa duk wata manhajar tono abin da aka goge da na sani. Na kira wani abokin aikina da ya fi ni hannu a wannan fanni. Ya tambaye ni ko na rubuta wani abu a kai bayan gogewar. Na ce na sauko da sababbin manhajoji. Ya ja numfashi ya ce, "To, sai haƙuri." Na zagi kaina da zagin da ban taɓa yi wa kowa ba.

Ranar Lahadi na shiga mota ba talabijin. Hanyar ba ta wuce awa guda, tafiyar da na yi ta ɗauka kamar ta Makka. Na tarar da ƙanena a baranda, ya jingina da bango, sandar da ya fara koyon takawa da ita tana gefe. Laftof ɗin a rufe take. Kusa da katifarsa ga tabarmar Inna, a gabanta kuma ga wata sabuwa fil da ban taɓa gani ba. Tun ranar Juma'a ta sa aka sayo ta, in ji matar ƙanena, kuma ko da aka gaya mata abin da ya faru ba ta ce a naɗe ba.

Na je bakin madafi na tsuguna. Tana zaune a kan kujera 'yar tsugune tana gyaran busasshen kifi. Bayan gaisuwa na yi abin da ban saba ba, na yi mata magana kai tsaye.

"Inna, ni nig goge shi. Ba wuta ba ta, ba sabis ba na. Sakacina na."

Ba ta ɗago ba. Ta ɓare kan kifi, ta jefa a kwano, sannan ta ɗaga murya yadda ƙanena zai ji daga baranda: "Ka ce ma yayanka ba komi. Na gaskiyar ma ruwa sunka ci, ba mu mutu ba. Shi ci tuwo kahin shi huce."

Na ce za a iya sakewa, yanzu na gyara, ko shekara ɗari ba zai ɓace ba. Ƙanena ya maimaita mata kamar ba ta ji ba, don haka tsarin yake. Ta ɗauraye hannu ta ce, "Na hwaɗi abin da nis sani. Ban iya hwaɗinai sau biyu." Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Tuwon shinkafa ne da miyar kifi, irin wanda nake so tun ina yaro, wanda ban taɓa gaya mata ina so ba. Na zauna a kan sabuwar tabarmar ina tura shi da ƙyar. Ƙanena bai yi mini faɗa ba, bai kuma tsokane ni ba, wannan ya nuna mini abin ya kai masa. Na ce ya gaya mini abin da ke ciki, ko da baki ne. Ya fara lissafawa: zaure da gorunan Baba, rumbu biyu, rijiya, bishiyar lalle a bayan ɗakin Inna da wani dutse a gindinta, inda ta ce nan aka binne cibiyata. Sai ya duba wajen madafi, ya rage murya.

"Akwai wuri guda da munka yi gardama da ita. Katangar bayan madahi, wadda ta dubi hanyar tasha. Na gama ta tsab, tac ce in cire bulo guda. Nic ce, Inna, katanga da rami? Tac ce cire. Nic cire, tac ce ya yi sama. Nis sake, tac ce ya yi ƙasa. Sai da ta tashi tsaye tag gwada min da hannu, daidai idonta. Sannan tac ce in gina hanyar waje, har kwanar masallaci."

Na ce kafar mece ce.

"Haka nit tambaye ta. Sai tac ce, in mutum ya tsaya nan shina ganin hanya. Yaro da jaka, in shina tahiya a hankali, ana ganinai har shi sha kwana." Ya gyara ƙafarsa. "Da kara ta huda ta, shekarar da kawu yat tahi da kai. Duk shekara in an yi yaɓe an toshe, sai ta sake hudawa. Ko Baba bai sani ba. Tac ce in ka zaka in bi da kai ko'ina, daga ƙarshe in kai ka nan, in sa ka leƙa. Ita za ta zamna baya, ba ta cewa komi."

Na ajiye lomar da ke hannuna. Hanyar nan na san ta, na san kwanar masallacin. Abin da ya fara faɗo mini shi ne yadda nake bin ta. Da sauri nake tafiya, don haushi, ina jan hannun Baba, ina shurin duwatsu, ko sau ɗaya ban taɓa waiwayowa ba. Ina so in nuna wa matar da ba ta damu ba cewa ni ma ban damu ba. Ashe tana tsaye a bayan katanga da ido ɗaya a kafa, ni kuma ina rage mata ɗan abin da take samu. Na yi kuka a barandar nan a gaban ƙanena da matarsa, ban ji kunyar kowa ba.

Wata biyu ta yi tana neman hanyar da za ta gaya mini wannan ba tare da ta buɗe baki ba, ta samu, ta gina ta bulo-bulo da hannun ɗanta. Ni kuma abin yana ɗakina, taki uku daga gadona, ina auna masa zafi. Da na leƙa sau ɗaya, da na ga irin aikin da ke ciki, da hannuna bai kai ga wannan umarnin ba sai na kwafe shi a wuri goma. Ba rashin sani ne ya goge gidan ba, na san ƙa'idar sarai. Ban ɗauki abin da ke ciki da daraja ba ne, shi ya sa ban duba ba.

Ƙafar ƙanena ta warke, ya koma fadama kafin a gama dashen shinkafa, ya aiko mini da laftof ɗin a mota. Sabar tana nan tana aiki. Na buɗe ƙofar ajiyar, na sa tana kwafe kanta kullum zuwa wuri uku, tana gadin fili da ciyawa. Sau biyu na gwada gina katangar da kaina, na rushe. Ba ginin nake nema ba, wadda za ta zauna a bayana nake nema, ita kuma ta ce ba ta faɗi sau biyu. Ban taɓa nuna mata na ji maganar kafar ba, ita ma ba ta taɓa tambayar ƙanena ko ya faɗa mini ba.

Yanzu ba na aike, da kaina nake kai sukarin, kusan duk mako biyu. In zan tafi nakan tsuguna a bakin madafi in ce zan koma, ta ce "to" ba tare da ta juyo ba. Katangar sabon gidan ta siminti ce. Ni na sa aka yi ta da tsawo, ni na tsaya a kan magina sai da suka shafe ta sumul ciki da waje, kara ba ya huda ta. Na sha bin ta da ido daga wannan kusurwa zuwa waccan, babu ko tsaga. Duk da haka, in na fito da jakata, a hankali nake tafiya har in sha kwana.